Waya mai akwati ko lasifika mai netwok: Abin da ya kamata mai saye a Dutse ya sani kafin ya biya

Duk shekara idan watan Sha'aban ya kama, kwamitocin masallatai a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu sukan fara lissafin gyaran lasifika domin tafsiri da tarawi. Wannan lissafi ba ya tsaya a masallaci kaɗai ba. Masu ba da hayar kayan sauti na biki suna yin irinsa, haka ma ma'aikatan gwamnati da aka ɗora wa alhakin sayo kayan ɗakin taro. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta tashi daga ƙaramin gari zuwa birnin taruka, ga sakatariya da Ɗakin Taro na Sir Ahmadu Bello, ga Dandalin Malam Aminu Kano, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga gidajen rediyo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana buƙatar murya ta isa ga na ƙarshen sahu ba tare da gurnani ko shaƙewa ba.

A 'yan shekarun nan wata kalma ta shigo cikin cinikin kayan sauti, wato netwok. Mai saye zai gan ta a tallan intanet, zai kuma ji ta a bakin dillali a Sabon Garin Kano ko a Alaba ta Legas. Matsalar ita ce kalmar tana nufin abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Na farko waya ce mai tsadar gaske wadda aka ɗaura wa wani ɗan akwati a jikinta, masu ƙera ta suna kiran abin da ke cikin akwatin netwok. Na biyu kuma kayan sauti ne da ke aika murya ta irin wayar da ake haɗa kwamfutoci da ita. Wanda bai bambance su ba yana iya zuba miliyoyi a kan abin da ba zai magance masa matsalarsa ba.

Aikin waya a tsarin sauti

Idan liman ko mai jawabi ya yi magana, makirufo yakan mayar da muryarsa wata 'yar siginar lantarki mai rauni ƙwarai. Waya ta farko ce ke kai wannan sigina zuwa miksa ko amfilifaya. Amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sannan waya ta biyu ta kai ta lasifika, inda za ta sake komawa sauti. Waya ba ta ƙara wa murya komai. Iyakar abin da ake nema a wurinta shi ne ta isar da saƙo ba tare da ta rage shi ko ta kwaso masa hayaniya a hanya ba.

Abubuwa uku ne injiniyoyi ke aunawa a jikin kowace waya. Na farko turjiya, wato yadda ƙarfen wayar ke tauye wutar da ke bi ta cikinsa, ana auna ta da om. Na biyu halin wayar na riƙe ɗan cajin lantarki tsakanin silinta biyu, kamar yadda kafasita ke yi. Na uku kuma ɗan maganaɗisun da ke tasowa a kewayen sili idan wuta tana gudana, kamar yadda yake faruwa a koyil. A wayar lasifika turjiya ce uwa uba, sauran biyun sai waya ta yi tsawo sosai ko an ƙera ta ta wata baƙuwar hanya kafin kunne ya ji tasirinsu.

Lissafin turjiya ba shi da wuya. Masu gyaran wuta sun saba kiran waya da kaurinta, su ce 1.5 ko 2.5, ma'ana faɗin bakin silin a ma'aunin murabba'in milimita. A ce nisan amfilifaya da lasifika mita 50 ne. Wuta za ta je ta dawo, don haka tafiyarta mita 100 ce. Idan wayar jan ƙarfe ce zalla mai kaurin 0.75, turjiyarta ta kai kusan om 2.3. Idan lasifikar mai om 8 ce, to kimanin kashi 22 cikin 100 na ƙarfin da amfilifaya ke fitarwa zai ƙare a matsayin zafi a jikin waya. Idan aka haɗa lasifika biyu a bakin waya ɗaya har suka koma om 4, asarar za ta haura kashi 36. Da za a sa waya 1.5, asarar lasifika ɗaya za ta sauko kusan kashi 13, da 2.5 kuwa kusan kashi 8.

A falon gida labarin daban ne. Idan nisan mita 3 ne kawai, waya 1.5 ba ta kai om 0.1 ba, asararta ba ta cika kashi 1 cikin 100 ba. Saboda haka ne masana suka daɗe da shimfiɗa ƙa'idar cewa turjiyar waya kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin lasifika. Wayar da ta cika wannan sharaɗi ta sauke babban nauyin da ke kanta.

Me ke cikin akwatin?

Kasuwar wayoyin sauti masu tsada ta fara bunƙasa ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. A 1979 Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a San Faransisko, yana sayar da waya mai kauri ga masu son kiɗa waɗanda a da suke amfani da siririyar wayar fitila. A 1984 Bruce Brisson ya kafa kamfanin MIT a Kalifoniya, kuma wannan kamfani da takwaransa Transparent da ke Jihar Maine su ne suka fi shahara da waya mai akwati.

Abin da ke cikin akwatin ba ya da alaƙa da intanet, ba ya kama sabis, ba ya kuma buƙatar wuta daga soket. Haɗin ƙananan kayan lantarki ne irin waɗanda mai gyaran rediyo ya sani: rizisto, kafasita da koyil. A harshen injiniyoyi duk irin wannan haɗi netwok ake ce masa tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta. Kamfanin Transparent yana cewa akwatinsa yana tace hayaniyar da waya ke kwasowa daga iska kamar eriya, kuma ana daidaita shi da tsawon wayar. MIT kuma yana cewa nasa yana sa kowane mataki na sauti, daga mai kauri zuwa siriri, ya fito daidai wa daida. Manyan samfuran kamfanonin biyu farashinsu ya kai dubun dubatan daloli a kan waya biyu da tsawonsu bai wuce na tabarma biyu ba.

Dabarar kanta tana da asali a kimiyya. A 1887 masanin lissafi ɗan Ingila Oliver Heaviside ya nuna cewa ƙara koyil a layin tarho zai rage dusashewar murya. Michael Pupin ya yi rajistar wannan fasaha a 1900, a daidai lokacin da George Campbell na kamfanin AT&T yake aiki a kanta, kuma daga baya aka riƙa dasa koyil a layukan tarho kusan duk bayan kilomita 1.8. A 1923 wani injiniyan kamfanin, Otto Zobel, ya wallafa aikinsa kan haɗin da har yau ake kira da sunansa.

Sai dai akwai abubuwa biyu da tallan ba ya faɗa. Na farko, layin tarho kilomitoci ne masu yawa. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma ko mafi sirantar wannan sauti tsawon zangonsa a cikin waya ya kai kimanin kilomita 10. Matsalolin da Heaviside ya yi wa magani ba sa tasowa a wayar mita 3, ko ma ta mita 50. Na biyu, yawancin amfilifayoyin zamani an riga an sa musu haɗin Zobel a bakin fitar sautinsu tun daga masana'anta, kuma abin bai wuce rizisto ɗaya da kafasita ɗaya ba, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Wannan ba ya nufin akwatin ba ya yin komai. Rariya ce ta lantarki, kuma rariya tana iya sauya sauti. Tana iya rage kaifin siririn sauti kaɗan, wani ya ji ya ce ya fi daɗi. Tana iya taimaka wa amfilifayar da ba ta da natsuwa, ko ta rage kutsen tashar rediyo a gidan da ke kusa da turken watsa shirye-shirye. Amma sauya sauti daban, inganta shi daban, kuma irin wannan sauyi maɓallin daidaita sauti da ke jikin miksa yana yin sa kyauta, a kuma mayar da shi yadda yake idan bai yi ba.

Abin da gwaji ya nuna

An daɗe ana auna wayoyin lasifika a ɗakunan bincike. R. A. Greiner a 1980 da Fred Davis a 1991 sun wallafa sakamakon awonsu a mujallar Ƙungiyar Injiniyoyin Sauti ta AES. Abin da ya fito fili shi ne bambancin wayoyi yana bin turjiyarsu da sauran halayen nan biyu da aka ambata, kuma waya mai isasshen kauri a gajeren zango tana yin aikin da ake bukata.

A 2007 James Randi, ɗan asalin Kanada mazaunin Amurka wanda ya yi suna wajen bin diddigin iƙirarin ban mamaki, ya sa ladan Dala miliyan 1 ga duk wanda zai iya bambance wata wayar lasifika ta Dala 7,250 da wata ta kamfanin Monster da kunne kawai, ba tare da ya ga wadda aka jona ba. Gwajin bai yiwu ba, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. A canjin da ya haura Naira 1,000 kan kowace dala, kuɗin waccan waya ya wuce Naira miliyan 7. Hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya, ASA, ita ma ta sha hana wasu kamfanoni tallata cewa wayoyinsu suna inganta sauti, saboda sun kasa kawo hujjar da ta gamsar.

Masu sayen irin waɗannan wayoyi da yawa sun rantse suna jin bambanci, kuma ba lallai ba ne ƙarya suke yi. Wanda ya san ya kashe kuɗi mai yawa yakan saurara da wata natsuwa ta daban, kuma ƙarin ƙarar da bai kai a lura da shi ba yakan sa sauti ya zama kamar ya fi tsabta. Abin da ya sa ake rufe wa mai sauraro ido a gwaji ke nan.

Netwok na biyu: murya ta wayar kwamfuta

Wannan kuma wata duniya ce. A nan ana mayar da murya lambobi tun daga kusa da makirufo, a yanka ta ƙanana-ƙananan ƙunshi, a tura ta wayar kwamfuta irin Cat5e ko Cat6 zuwa wani akwatin rarrabawa da ake kira suwic, daga nan ta isa duk inda ake so. Tsarin CobraNet ya fara wannan a 1996. A 2006 kamfanin Audinate na birnin Sidni a Ostireliya ya fito da Dante, wanda yanzu ya fi kowane yaɗuwa a manyan ɗakunan taro da gidajen rediyo na duniya. A 2013 ƙungiyar AES ta fitar da ƙa'idar AES67 domin kayan kamfanoni daban-daban su iya fahimtar juna.

Amfaninsa a bayyane yake. Waya ɗaya siririya tana ɗaukar ɗaruruwan layukan murya a lokaci guda, aikin da a da sai an ja damin wayoyi. Tana tafiya mita 100 kafin a buƙaci wani suwic, idan kuma aka sa wayar gilashi ta faiba sai a yi kilomitoci. Jinkirin da tsarin Dante ke kawowa yawanci kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa, wanda kunne ba ya kamawa. Gurnanin wutar lantarki da ke addabar dogayen wayoyin makirufo ba ya shiga cikin lambobi. Mai kula da kayan yana iya zama da kwamfuta ya tura muryar mai jawabi zuwa ɗaki na biyu ko zuwa motar gidan rediyo ba tare da ya cire waya ko ɗaya ba. Wani abin da ya kamata a sani shi ne tsarin ba ya buƙatar intanet ko sayen data, domin a cikin ginin kawai yake zagayawa.

Akwai kuma lasifikokin da ke karɓar murya da wuta duka ta wannan waya ɗaya. Ƙa'idar farko ta 2003 ta ba da damar wat 15.4, ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 kuma har wat 90. Wannan ya isa sanarwa a ofisoshi, azuzuwa da barandar asibiti, amma bai isa manyan lasifikokin filin taro ba.

A wannan fanni ma an samu masu sayar da wayar kwamfuta ta musamman da tsadar gaske, wai don ta ƙara wa sauti armashi. Yadda tsarin yake aiki bai bar wa wannan magana gurbi ba. Kowane ƙunshi yana ɗauke da lambar tantancewa, idan ya iso da kuskure a jefar da shi. Waya maras kyau tana jawo yankewa ko ƙas-ƙas da kowa zai ji, amma wayar da ta cika ƙa'ida lambobin da aka tura su take isarwa, ko nawa aka saye ta.

Bai kamata a haɗa wannan tsari da Bluetooth ba. Bluetooth na wayar hannu yawanci bai wuce mita 10 ba, yana matse sauti, kuma jinkirinsa yakan kai kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa. Ya dace da sauraron karatu ko labarai a shago, bai dace da makirufon mai huɗuba ba, domin jama'ar sahun gaba za su ji muryar sau biyu.

Inda yanayin Dutse ya shigo

Kayan netwok suna da nasu sharuɗɗan. Suwic da duk abin da ke jone da shi suna buƙatar wuta tsayayya. Idan wutar KEDCO ta ɗauke aka koma janareto, amfilifaya ta gargajiya tana dawowa nan take, amma suwic da na'urorin lambobi sai sun ɗauki lokaci suna farfaɗowa, kuma idan suwic ɗaya ya mutu duk lasifikokin da ke bayansa sun yi shiru. Wanda zai sa wannan tsari dole ya haɗa da inbata da batir, ko sola, a cikin lissafinsa tun farko.

Sai batun gwani. Mai gyaran amfilifaya ba ya wuyar samu a Dutse ko a kasuwar Shuwarin, kayan gyaransa kuma suna zuwa daga Kano. Tsarin netwok kuwa yana buƙatar wanda ya san saita adireshin na'urori da manhajar sarrafa su. Hukumar da ta sayi kayan ba tare da ta horar da ma'aikacinta ba za ta riƙa jiran ɗan kwangila daga Kano ko Abuja duk ranar da abu ya tsaya.

Yanayi ma yana da ta cewa. Zafin Maris zuwa Mayu, wanda kan haura digiri 40, yana gajiyar da na'urorin da aka kulle a akwati maras iska, yana kuma busar da robar wayar da aka bari a rana har ta tsattsage. Ƙurar hunturu tana shiga bakin mahaɗa ta jawo ƙara. Da damina tsawa tana iya bin wayar jan ƙarfe da aka ja tsakanin gini biyu ta ƙone kayan ɓangarorin biyu, shi ya sa faiba ta fi dacewa a irin wannan wuri, tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta. Ga ɓera da gara, ga kuma ɓarayin waya. Duk waɗannan ba su san waya mai tsada ba, maganinsu bututu mai kyau da aiki mai tsabta.

Hanya ta uku da aka daɗe da ita

Ga masallatai da makarantu da kasuwanni, akwai tsarin da ya girmi duka biyun kuma har yau yana aiki, wato layin bolt 100. Amfilifayoyin sanarwa irin na TOA da Ahuja yawanci suna da wannan mafita a bayansu. Amfilifaya tana ɗaga ƙarfin siginar, kowace lasifika kuma tana da ɗan taransifoma da ke sauke shi. Lasifika mai wat 30 a kan wannan layi tana zama kamar mai om 333 a idon amfilifaya. Wayar nan ta 0.75 mai om 2.3, wadda ta cinye kashi 22 a lissafin farko, a nan ba ta cin ko kashi 1 cikin 100. Ana iya jera lasifikoki da yawa a layi ɗaya, muddin jimillar wat ɗinsu ba ta wuce ƙarfin amfilifayar ba, kuma an fi so a bar rarar kashi 20 cikin 100.

Sau da yawa lasifikar hasumiya da ke shaƙewa ba ta rasa komai ba illa an jona ta a mafitar om 8 da doguwar siririyar waya, ko an tara lasifikoki fiye da ƙarfin amfilifaya. Gyaran wannan bai kai kuɗin sabuwar amfilifaya ba, balle waya mai akwati.

A ɓangaren makirufo kuma, abin nema shi ne waya mai sili biyu da rigar kariya, mai mahaɗin XLR mai ƙafa uku. Tsarinta yana sa hayaniyar da ta shiga sili biyun ta kashe kanta a bakin miksa, don haka tana iya tafiya mita da dama lafiya. Gurnanin da ake yawan ji yana fitowa ne daga wutar gida, wadda a Najeriya ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Raba wayar makirufo da wayar wuta, da gyara wayar ƙasa ta ginin, su ne matakin farko na korar sa.

A babban fili irin na Idi akwai wata matsalar da waya ba ta magancewa ko kaɗan. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saƙon waya kuwa kusan nan take yake isa. Mutumin da ke tsaye kusa da lasifikar da ke mita 35 daga ta gaba zai ji ta kusa da shi, sannan ta gaban ta iso masa bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, magana ta cakuɗe. Maganin shi ne na'urar da ke jinkirta lasifikokin baya, kuma a nan kayan lambobi suke da fifiko na gaske.

Jabun waya ya fi komai ci wa mai saye kuɗi

Haɗarin da ya fi kusa da mai saye a Jigawa shi ne wayar alminiyon da aka yi wa fenti da jan ƙarfe. A ido kamar ta gaske take, amma alminiyon kusan kashi 61 cikin 100 kawai yake kai wa jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta, don haka turjiyarta ta ninka ta gaske kusan sau ɗaya da rabi. Tana saurin karyewa a mahaɗa, kuma a tsarin da wuta ke bin wayar kwamfuta tana iya yin zafi. Ƙa'idar Cat5e da Cat6 jan ƙarfe zalla ta yarda da shi.

Gane ta ba wuya. A kankare silin da wuƙa, idan cikinsa ya fito fari to alminiyon ne. Nauyinta ma yana tona ta, domin jan ƙarfe ya fi alminiyon nauyi fiye da sau uku. Wata dabarar ita ce a rubuta 2.5 a jikin roba alhali silin bai kai ba, ko a rubuta mita 100 a kwali alhali nadin bai cika ba. Kamfanonin gida irin su Cutix, Coleman, Nigerchin da Kabelmetal suna ƙera wayar jan ƙarfe a ƙarƙashin sa idon Hukumar SON, sai dai sunan da ya yi suna shi ake yi wa jabu, don haka sayen daga amintaccen dila da karɓar rasit ya zama wajibi. Rasit ɗin ne hujjar mai saye idan har magana ta kai gaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta FCCPC.

Wane ne ya kamata ya sayi me?

Mai gida ko mai shago da lasifikarsa ba ta wuce 'yan mitoci daga amfilifaya ba, wayar jan ƙarfe 1.5 ko 2.5 ta wadatar. Rarar kuɗin ta fi amfani a lasifika mai kyau, da labule ko darduma da za su rage amsa-kuwwar ɗaki.

Masallacin unguwa ko makarantar Islamiyya, layin bolt 100 da makirufo mai XLR da batirin ko-ta-kwana sun fi dacewa, saboda araha da sauƙin gyara.

Mai hayar kayan biki ya fi buƙatar waya mai kauri, mai laushin naɗewa, da mahaɗa masu kullewa waɗanda ba sa fita idan yaro ya taka. Idan sana'ar ta girma har ana jan layuka da yawa daga dandamali zuwa miksa, wayar netwok ɗaya za ta rage masa kaya da lokacin shiri.

Babban ɗakin taro, jami'a, majalisa ko gidan rediyo, inda ake da ɗakuna da yawa da buƙatar naɗa da watsawa kai tsaye, nan ne kayan netwok suke biyan kuɗinsu, da sharaɗin wuta tsayayya da horar da ma'aikaci.

Ga jami'in da ke rubuta takardar sayen kaya domin ta bi ta Hukumar Tantance Kwangiloli ta jiha, kariyarsa ita ce ya rubuta abin da za a iya aunawa: jan ƙarfe zalla, kauri kaza, tsawo kaza, Cat6, dacewa da AES67, garanti na wata kaza, da horar da ma'aikata. Kalmomi irin su "mai inganci na musamman" ƙofa ce ta ƙara farashi, kuma ranar da mai binciken kuɗi ya zo, wanda ya sa hannu shi zai yi bayani.

Idan kuma dillali ya dage cewa wayarsa mai akwati ta fi, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A kawo wayarsa da wayar jan ƙarfe mai kauri da tsawo iri ɗaya, a bar ƙarar amfilifaya a wuri guda, mai sauraro ya juya baya, wani ya riƙa sauya wayoyin sau 10 bisa jefa kwabo yana rubutawa. Wanda ya canka daidai sau 9 ko 10 ya ji bambanci na gaske, domin yiwuwar yin haka da sa'a kawai kusan 1 ce cikin 100. Daga nan sai a tambayi ko bambancin ya kai kuɗin da ake nema. Idan kuwa ya tsaya a 5 ko 6, to kwamiti ya samu amsarsa, kuɗin jama'a kuma su tafi wurin batir, bututu da makirufo mai kyau kafin a ga watan Ramadan.